Haruffan Katako na Malam Sada

Ina zaune a bakin shagona da ke Ƙofar Ƙaura, ina goge wani ɗan guntun katako, sai babur ya tsaya a gabana. Babaji ne, ɗan kabu-kabu, ɗaya daga cikin masu ɗaukar karatu a zauren Malam Sada. Babaji mutum ne da ke fara gaisuwa tun daga nesa, da ihu da dariya. Amma ran nan sai ya kashe babur, ya sauko, ya tsuguna a gefen bencina.

Na ce, "Babaji, lahiya?"

Ya dubi abin da ke hannuna, sai ya kau da kai. Ya ce, "Baba Lado, sai haƙuri. Malam ya cika bayan asuba."

Na yi ta maimaita innalillahi, ban san sau nawa ba. Abin da ke hannuna harafi ne na katako, kuma shi marigayin ne ya sa ni sassaƙa shi jiya-jiya. Na jefa shi a aljihu, na hau bayan Babaji muka nufi Kambarawa, unguwar su Malam. Sai da muka dawo daga maƙabarta maƙwabcina ya gaya mini cewa a buɗe na bar shagon, shi ya rufe mini.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Kafinta ne, ɗan kafinta. Amma mutanen unguwa sun ce tunda ni na fi kowa daɗewa da shi, in rubuta abin da na sani, don yaran da za su taso su san wane ne ya zauna a wannan zaure. To ga shi, gwargwadon iyawata.

Tare aka sa mu firamare ni da Sada, benci ɗaya. Ni na tsaya a aji huɗu, mahaifina ya ɗauke ni ya damƙa mini zarto. Shi kuwa ya wuce har makarantar horon malamai, ya fito aka yi ta yawo da shi ƙauyuka yana koyar da Turanci. Duk inda aka kai shi, ranar Juma'a sai ya zo gari a kan kekensa, kuma kafin ya isa gida sai ya biyo ta shagona. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar mai neman wani abu a ƙasa. Bai taɓa kira na da sunana ba sai in magana ta yi nauyi. Kullum "Sarkin Ƙusa". Ni kuma ina ce masa "Bature", ya ce, "Baturen da ba shi da mota."

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da taurin kai. Yana da rowar yabo, sai ka yi abin kirki sau goma kafin ya ce maka "ba laifi". In ka makara karatu ba zai yi maka faɗa ba, amma zai gaishe ka gaisuwa mai tsawo a gaban kowa, ya tambayi gida da yara da gajiyar hanya, har ka gwammace da zagin ka ya yi. Kuma yana son rera waƙa alhali Allah bai ba shi murya ba. Matarsa, Saudatu, takan ce in ya fara, har awakinta sukan daina cin dusa.

Da ya ajiye aiki bai iya zama haka nan ba. Sai ya shimfiɗa tabarmi a zaurensa, ya ce duk baligin da ke son koyon rubutun Turanci ya zo tsakanin la'asar da magariba. Da farko mutane kaɗan ne. Amma shekarar da soja suka miƙa mulki, sai gari ya ɗauki zancen cewa farar hula za su buɗe ɗaukar aiki: masinja, direba, mai gadi, mai shara a ofis. Aka kuma ce ko aikin masinja ne sai an yi maka shifta da Turanci, a faɗa ka rubuta. Nan da nan zaure ya cika. 'Yan kabu-kabu, leburori, masu tura ruwa, har da wani mahauci da ke zuwa da ƙamshin tsire a jikinsa ya hana kowa natsuwa.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne kalmomin da Malam ke kira tagwaye. Yakan ce Turanci yana da kalmomi masu murya ɗaya amma fuska daban, kunne ba ya raba su, sai ido. Kuma yana da yadda yake gabatar da su kamar 'yan unguwa. Zai ce, "Wanga sunanshi meat, nama ke nan, gidanshi mahauta. Ɗan'uwanshi meet, haɗuwa. Ku duba tsakiyarshi, ga e biyu nan zaune kusa da juna, sun haɗu suna gaisawa." Ko ya ce, "Ga sun, rana ke nan, da ke ƙona maku ƙeya da azahar, ga son, ɗa ke nan, da ke cinye maku tuwo. Kada wanda ya haɗa mani su." A yi ta dariya, amma ya zauna a kai.

Ni ba ɗalibi ba ne a lokacin. Nakan je ne in na tashi daga shago, in zauna a bakin ƙofa in jira a gama mu tafi masallaci tare.

A nan na fara lura da idonsa. Yakan kai littafin ɗalibi har kan hancinsa, sannan ya juya wajen hasken ƙofa. Daga baya ya fara cin karo da takalman mutane. Aka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Aka ba shi maganin ɗigawa, ya yi ta ɗigawa, amma hasken ya ci gaba da janyewa daga gefe-gefe, har ya zama sai dai ya gane cewa rana ta fito. Bai yi ƙorafi ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Sarkin Ƙusa, na huta da ganin muninka."

Bai daina karatu ba. Ya ce ai kunnensa lafiya lau. Zai faɗi jimla, kowa ya rubuta, sannan kowa ya karanta masa abin da ya rubuta. To a nan matsalar take, domin tagwayen nan a baki duk ɗaya suke. Ya koma cewa a riƙa kiran haruffan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma bai yi ba. Wani zai ji abin da na kusa da shi ya faɗa ya maimaita, alhali ba shi ne a littafinsa ba. Wani kuma ba da gangan ba, bakinsa ya faɗi daidai, hannunsa ya rubuta wani abu dabam. Ya gwada ni in zama idonsa, amma ni a lokacin ban san wanne ne daidai ba balle in ce ga kuskure, kuma rubutun wasu kamar kaza ta bi ta kan taɓo.

Ana cikin haka aka kira jarrabawar masinja a wani ofis. Babaji ya je da ƙarfin gwiwa, domin a zaure kullum Malam yana ce masa daidai. Ya faɗi. Wanda ya duba takardun ya nuna masa inda ya yi ta musanya tagwayen nan, wuri bayan wuri. Babaji yaron kirki ne, bai zo da fushi ba. Ya zo ya zauna ya ba da labari yana dariya, kamar abin bai dame shi ba. Amma kowa ya san yana da mata da 'ya'ya uku, kuma babur ɗin ba nasa ba ne.

Malam ya saurare shi har aka kira magariba. Sannan ya ce, "Babaji, ba kai ka faɗi ba. Ni na ce maka daidai a kan abin da ban gani ba." Ya juya wajen sauran ya ce, "Ku nemi mai ido. Daga yau an rufe."

Aka yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi. Na ce muku yana da taurin kai. Ya sa aka naɗe tabarmin aka jingine su a lungu.

Wannan damina ita ce mafi tsawo da na taɓa gani. Nakan je in same shi a zaure shi kaɗai, rediyo a gefensa ana ta zancen sababbin kwamishinoni da kansiloli, shi kuwa ba saurare yake ba. Ya rame. Ya daina waƙa. Wata rana Saudatu ta yi mini magana daga bayan labule, ta ce, "Malam Lado, abokinka ba ya cin abinci. Ba idon ne ke cin shi ba, zaman ne. Don Allah ka riƙa fitar da shi ko iska ya sha."

Sai na fara zuwa da safe in riƙo hannunsa mu taho shagona. A lokacin aiki ya yi mini yawa, domin kowace jam'iyya ta buɗe ofis a kowace unguwa, kowa yana son benci da tebur. Yakan zauna a kan kujera a gefe, yana jin ƙarar zarto, yana tsokanar masu wucewa in ya gane muryarsu.

Ran nan ina gama wani gadon amarya. Iyayen yarinyar sun ce a sa sunanta a allon kan gadon, don haka na yanka haruffan da katako na manna su. Na jingine allon kusa da kujerarsa don gam ya bushe. Ina can ina buga ƙusa sai na ji ya ce, "Wace ce Zainab?"

Na juyo. Hannunsa na kan allon, yatsunsa suna bin haruffan a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba ga ta nan ba? Amma n ɗinka ta karkace, kamar ta sha kaye a kan keke."

Na ce, "Makaho da ganin laifi."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sannan ya sake bin sunan daga farko har ƙarshe, ya kuma komawa. Ni ma na ajiye guduma ina kallon sa. Can ya ce, "Lado, guntayen katakon nan da kake ba mata suna hura wuta, suna da yawa?"

Na ce, "Buhu-buhu. 'Yan siyasa sun bar mana gado."

Haka muka fara. Shi yana faɗin harafi, ni ina zanawa a kan guntun katako in yanka, in goge har ya yi santsi don kada sartse ya shige shi. Kowanne tsawon yatsa. Wasu haruffan ban taɓa amfani da su ba a Hausa, sai ya zana mini su da yatsa a tafin hannuna. Ya ce in yawaita e, domin ita ce uwar gayya a Turanci, ba a taro babu ita.

Ba a rana ɗaya abin ya daidaita ba. Da muka gwada, sai muka ga b da d da p da q duk abu ɗaya ne in an juya shi, mai shafawa ba zai san wanne aka nufa ba. Na kwana biyu ina tunani. Daga baya na yi wa kowane harafi ƙafa mai faɗi a ƙasa, na kuma yi dogon katako mai kwari a tsakiya inda ƙafar za ta shiga ta fuska ɗaya kawai. In ka juya harafin, ba zai zauna ba. Da Malam ya gwada ya ji harafin ya zauna daram, sai ya ce, "Ba laifi." Na san a wajensa wannan babbar kyauta ce.

Babaji muka fara kira. Ya zo yana jin nauyi. Malam ya faɗi jimla, ya ce ya rubuta a littafi tukuna, sannan ya jera tagwayen da ke ciki a kan katako, ni kuma in duba ko abin da ya jera shi ne abin da ya rubuta. Wannan kam ina iyawa, domin kwatanta sura da sura aikina ne. Babaji ya jera, ya tura masa. Malam ya bi da yatsa, ya tsaya a tsakiya, ya zare harafi ɗaya ya ɗaga sama.

Ya ce, "Wanga baƙon wa ya gayyato shi?"

Babaji ya ce, "Malam, shi ya biyo ni."

"To sauke shi, bai biya kuɗin babur ba."

Kafin sati ya zagayo an warware tabarmi. Waɗanda suka tafi suka dawo, har da sababbi. Na ƙara katakai masu kwari don kowa ya samu nasa, na yi akwati mai gida-gida, kowane harafi da ɗakinsa, yadda Malam zai kai hannu ya ɗauko ba tare da lalube ba. Da safe kuma matan unguwa suka fara zuwa tsakar gida, Saudatu tana duba masu littafi, shi yana shafawa. Sai karatun ya fi na da armashi, domin yanzu mutum yana riƙe kalmar a hannunsa, yana jin nauyinta. Mahaucin nan ya ce shi tunda ya taɓa meat da hannunsa bai ƙara mantawa da ita ba, don dama sana'arsa ce.

Masifa ɗaya muka samu, awakin Saudatu. Wata rana aka bar ƙofar ciki a buɗe, akuya ta shigo ta tauna w guda biyu ta gudu da h. Malam ya ce a ƙyale ta, ita ma jarrabawa za ta zauna.

Babaji ya sake zama jarrabawa a wani ofishin, ya ci. Aikin dai har yau ana ce masa ya jira, yana nan a kan babur. Amma ranar da ya zo da labarin, Malam ya kama kansa da hannu biyu ya shafa fuskarsa kamar yadda yake shafa haruffa, ya ce, "Ashe haka kake da faɗin hanci." Sannan ya juya bango ya goge idonsa. Da yamman nan ya yi waƙa, kuma babu wanda ya hana shi.

Ni kuma ban san lokacin da karatun ya shige ni ba. Harafin da ka yanka da hannunka, ka goge, ka gyara in ya karye, ba ya ɓace maka. Kullum ina zaune ina kwatanta littafi da katako, sai na wayi gari ina gane kuskure kafin yatsan Malam ya kai wurin. Ban faɗa ba. Amma shi ya gane, domin in na ga kuskure nakan yi ɗan gyaran murya ban sani ba. Wata rana ya ce, "Sarkin Ƙusa, ko ka sha maganin tari ko ka daina ba su amsa."

Haka muka yi shekara biyu da wani abu. Haruffan suka yi baƙi, suka yi sheƙi saboda man hannun mutane. A 'yan watannin ƙarshe ciwon sugan da ya daɗe yana fama da shi ya matsa masa, ƙafafunsa suka kumbura, yakan gaji da wuri. Abin da ke damunsa bai ɓoye mini ba. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa kada a sake naɗe tabarmin nan. Ya ce shi da kansa ya sa aka naɗe su sau ɗaya, ya san yadda zauren yake in babu kowa.

Bayan addu'ar uku, da la'asar, na je gidan don in ƙara yi wa Saudatu gaisuwa. Sai na tarar da su a ƙofar zaure, su Babaji da mahauci da sauran, kowa da littafinsa a hannu, sun tsaya ba su shiga ba. Babu wanda ya kira su. Suka dube ni. Ni dai ɗan aji huɗu ne, kuma wurin zaman nan nasa ne. Na yi sallama na shiga, na warware tabarma. Ban zauna a kan buzunsa ba, na zauna a gefe inda na saba. Na jawo akwatin, na ciro harafin da ke aljihuna na sa shi a ɗakinsa. Sannan na faɗi jimlar farko. Har yau muna nan, tsakanin la'asar da magariba. Abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, mu tambayi wani malamin makaranta da ke bayan layi.

Ba ƙarfin hali ne ya zaunar da ni ba. Maganar da muka yi ce da yamman jajibirin rasuwarsa.

An tashi karatu, kowa ya fita alwala, saura ni da shi. Yana mayar da haruffa gidajensu ɗaya bayan ɗaya, sai ya tsaya da ɗaya a hannu yana juya ta.

Ya ce, "Wagga e ta suɗe, ta kusa komawa c. Ka sassaƙo wata."

Na ce, "Gobe in sha Allah."

"Ka yi biyu. Ita ke fara gajiya."

Na ce to. Na tashi zan riƙo hannunsa mu tafi masallaci, ya ce yau a nan zai yi sallarsa, ƙafar ta yi nauyi. Na kawo masa buta na ajiye inda hannunsa zai kai. Har na sa takalmi ɗaya sai ya kira ni.

"Lado."

Na ce, "Na'am."

"Gobe in ka ga na makara, kada ka bari su koma gida. Ka buɗe akwatin ka fara masu."

Na ce, "Ni? Bature, ka manta a aji huɗu na tsaya?"

Ya ce, "To wa ya haifi haruffan? Kai ka haife su, ni raino kawai na yi. Sun san hannunka."

Na ce, "In na yi kuskure fa?"

"Sai ka yi tari, ka gyara." Ya yi murmushi, ya rufe akwatin, ya ɗora tafinsa a kai. "Ka yi mani alkawari."

Na ce, "Na yi."

Ya ce, "To madalla. Ja mani ƙofar cikin nan, kada awakin Saudatu su shigo su cinye mana karatu. Sai gobe, Sarkin Ƙusa."

Na ce, "Allah ya kai mu, Malam."